Gardamar jar ƙasa: a yi ta da hujja, kada a sa mata kuɗi

Daga watan Afrilu zuwa farkon Yuni na kowace shekara, manyan 'yan wasan tanis na duniya kan koma filayen jar ƙasa. Su faro daga Monte Carlo, su bi ta Basalona da Madrid da Rum, su ƙare a Paris, a gasar Roland Garros. A da wannan kaka ba ta dame mu ba, mu dai ƙwallon ƙafa muka sani. Amma tun da tauraron ɗan adam da wayar hannu suka kawo wasan har teburin mai shayi, sai ga shi ya samu 'yan gani-kashe-ni a unguwanninmu, daga Briketeri ta Yawunde zuwa New Bell ta Duwala, har Garwa da Ngawundare. Inda duk aka samu magoya baya kuwa, gardama ba ta nisa. Wa ya fi kowa a jar ƙasa? Nadal ne ko Borg? Djokovic fa, ina za a ajiye shi? Alcaraz zai kamo su?

Wasu dattawa na ganin wannan duk ɓata lokaci ne, wai yara sun zauna suna ta da jijiyar wuya a kan Turawan da ba su san da zamansu ba. Ina girmama masu wannan ra'ayi, amma ban yarda da su gaba ɗaya ba. Gardama makaranta ce idan ana yin ta da hujja. Damuwata a wani wuri take: na ga gardamar ta fara sauka daga baki tana shiga aljihu, ta zama caca.

Bari mu fara da ita kanta ƙasar, domin da yawa daga masu musun ba su san abin da ake takawa ba. Filin Roland Garros hawa-hawa ake gina shi. Can ƙasa akwai tsakuwa, a kanta ragowar kwal da aka ƙona, sannan farin dutse da aka daka aka daɓe, sai a sama a barbaɗa garin jan bulo wanda kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Wannan ɗan garin shi ne sirrin komai. Idan ƙwallo ta faɗa kansa sai ta rage gudu ta yi tsalle sama. Bugun farko mai ƙarfi, wanda a filin ciyawa na Wimbledon kan wuce kamar walƙiya, a nan abokin karawa yana samun zarafin maido shi. Saboda haka musayar bugu kan yi tsawo, ɗan wasa ya buga goma, ya buga ashirin, kafin a ci maki ɗaya. Sai mai numfashi, mai iya zamewa da ƙafa ya tarar da ƙwallo, mai haƙurin gina maki sannu a hankali. A Paris kuma maza sai wanda ya ci turmi uku cikin biyar, don haka babu zancen sa'ar rana ɗaya.

Wannan shi ya sa sunan da ya cika duniya a wani fili kan zo nan ya durƙusa. Pete Sampras na Amurka ya ci manyan kofuna 14 a rayuwarsa, amma ko sau ɗaya bai kai wasan ƙarshe a Paris ba. Iyakarsa wasan kusa da na ƙarshe a 1996. Roger Federer, da duk gwanintarsa, sau ɗaya ya ɗaga kofin, a 2009. Kenan wanda ya ce wane ya fi wane a tanis bai gama magana ba sai ya faɗi a wace ƙasa.

To idan a jar ƙasa ne, ni a wurina zancen na ɗaya a rufe yake. Rafael Nadal na Sifaniya ya ci Roland Garros sau 14, na farko a 2005 yana ɗan shekara 19, na ƙarshe a 2022 yana da 36. Wasa 116 ya buga a gasar, ya ci 112. Mutum uku kacal suka taɓa kayar da shi a can: Robin Söderling a 2009, Novak Djokovic a 2015 da 2021, sai Alexander Zverev a 2024 lokacin da jiki ya riga ya gaji. Daga 2005 zuwa 2007 ya jera wasa 81 a jar ƙasa ba a doke shi ba, sai da Federer ya tsinka igiyar a Hamburg. Ya ci Monte Carlo sau 11, Basalona sau 12, Rum sau 10. Jimillar kofunansa a irin wannan fili 63 ne. A wasan ƙarshe na 2008 ya yi wa Federer, wanda a lokacin shi ne na ɗaya a duniya, 6-1, 6-3, 6-0. Duk wanda ya ji waɗannan lambobi ya ce shi har yanzu bai gamsu ba, to ba hujja yake nema ba, abokin musu yake nema.

Amma kada magoya bayan Nadal su ɗauka an tashi daga majalisa. Akwai tambayoyin da suka fi "wa ya fi" daɗi, kuma su ne ke nuna wanda ya san wasan.

Ɗauki Björn Borg na Suwidin. Ya ci Paris sau 6 tsakanin 1974 da 1981, bai buga gasar 1977 ba, kuma ya ajiye raket yana ɗan shekara 26. Sau biyu kawai aka kayar da shi a can, duka biyun mutum ɗaya ne, Adriano Panatta na Italiya. Da raket ɗin katako Borg ya yi wannan aiki, mai ɗan ƙaramin kai, da igiyar da ba ta murɗa ƙwallo yadda ta zamani ke yi. Tun da Gustavo Kuerten na Birazil ya ci gasar 1997 da sabuwar igiyar roba mai tauri, yana na 66 a jerin gwanayen duniya, salon wasan ya sauya. Murɗaɗɗen bugun hagu na Nadal, wanda kan yi tsalle har kafaɗar abokin karawa, ɗan wannan zamani ne. Saboda haka masu cewa da Borg ya daɗe da ya kai 10 ba shirme suke yi ba. Sai dai "da" ba ta ɗaga kofi. Daɗewar ma ai gwaninta ce, musamman ga Nadal da ya yi shekaru yana fama da ciwon ƙashin ƙafar hagu, har a 2022 sai da allurar kashe zafi ya kammala gasar.

Mutanen Djokovic su ma suna da abin faɗi. Ɗan Sabiyan ya ci Paris a 2016 da 2021 da 2023, ya kuma ci zinaren Olamfik a wannan fili a 2024. Shi kaɗai ne ya kayar da Nadal sau biyu a gidansa. Da ba don zamaninsu ya haɗu ba, wa ya san kofi nawa zai tara? Amma karawarsu a jar ƙasa 20 da 9 ce, Nadal ke gaba. Adalci shi ne a ce Djokovic ya fi kowa tara manyan kofuna a ɓangaren maza, guda 24, a kuma ce a wannan fili yana bayan Nadal. Maganganun biyu ba sa karo da juna.

Akwai kuma sunayen da ba na ji ana ambata, kuma rashin ambatonsu na nuna gardamar tamu ba ta da tsawon tunawa. Guillermo Vilas na Ajantina ya ci kofi 49 a jar ƙasa. Thomas Muster na Ostiriya ya ci 40. Idan aka zo ga jera nasara kuwa, ba namiji ke riƙe da tuta ba. Chris Evert ta Amurka ta ci wasa 125 a jere a jar ƙasa daga 1973 zuwa 1979, ta kuma ci Paris sau 7. Steffi Graf ta ci 6, Justine Henin 4, Iga Świątek ta Folan ita ma 4 daga 2020 zuwa 2024. Wanda zai yi wa mutane fatawa a kan jar ƙasa bai san Evert ba, ya koma ya yi muraja'a.

Sai yaran yanzu. Wasan ƙarshe na 2025 tsakanin Carlos Alcaraz da Jannik Sinner ya faɗo cikin kwanakin Babbar Sallah, ya ɗauki awa 5 da minti 29, mafi tsawo a tarihin wasan ƙarshe na gasar. Sinner ya ci turmi biyu na farko, a na huɗu kuma ya samu dama uku a jere, maki ɗaya ya rage masa ya ɗaga kofi. Alcaraz ya tsallake duka ukun ya dawo ya ci wasan. Tun daga ranar wasu suka fara cewa magajin Nadal ya zo, har ma ya wuce shi. A yi sannu. Wancan kofin shi ne na biyu ga Alcaraz a Paris, kuma tsakanin 2 da 14 akwai tafiyar shekara goma sha biyu ba tare da tuntuɓe ba.

Irin wannan hira nake so in riƙa ji a majalisa. Yaron da ya iya bambanta zamani da zamani, ya san Madrid tana kan tudu ƙwallo ta fi gudu a can fiye da Rum, ya san ba a auna gwani da wasa ɗaya, ya koyi abin da zai yi masa amfani a kasuwa da siyasa da zaman iyali. Ya koyi cewa son mutum daban, hujja daban. Al'ummar da ba ta da yawa a ƙasa, irin tamu, tana buƙatar matasan da suka iya kare magana da lissafi a gaban kowa, ba da hayaniya ba.

Inda take ɓacewa shi ne lokacin da wani ya ce, "In ka isa, sa kuɗi." Shagunan caca sun cika garuruwanmu, wanda bai shiga shago ba kuma shagon na cikin wayarsa. Tanis ya fi ƙwallon ƙafa haɗari ta wannan fuska, don kusan kullum ana buga shi a wani wuri a duniya, kuma ana iya zuba kuɗi a kan kowane turmi, har a kan maki ɗaya. Ɗan acaɓa ya wuni cikin rana ya tara jaka uku, kafin Magariba ya zuba ta a kan wasan wasu yara biyu da bai taɓa jin sunansu ba. In ya ci ya ce iliminsa ne, in ya faɗi ya ce gobe zai rama. Kamfanin kuwa ya riga ya cire rabonsa a cikin lissafin tun kafin a buga ƙwallo, shi ba ya asara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ilimin nan da nake yabo shi ne tarkon. Wanda ya haddace lambobin Nadal sai ya ɗauka ya fi kamfani wayo. To tarihin jar ƙasa da kansa ya ƙaryata shi. A 2009, 'yan makonni kafin Paris, Nadal ya yi wa Söderling 6-1, 6-0 a Rum. Wane masani ne zai ce wannan mutumin zai zo ya fitar da shi a zagaye na huɗu? Ga shi ya faru. A 1989 Michael Chang, yaro ɗan shekara 17, tsoka ta ɗaure masa ƙafa har ya yi bugun farko ta ƙasa kamar mai koyo, ya kayar da Ivan Lendl na ɗaya a duniya, ya je ya ci kofin. Ga mai kallo wannan shi ne daɗin wasan. Ga mai caca kuwa kuɗin cefanen gida ne ya tafi.

Sannan a ƙananan gasa ma ba kowane wasa ne na gaskiya ba. Hukumar da ke sa ido kan maguɗi a tanis ta sha korar 'yan wasa saboda sayar da wasa, ciki har da na nahiyarmu: a 2021 ta dakatar da 'yan Maroko shida a lokaci guda. Mai zuba kuɗi daga New Bell bai san cewa wataƙila an riga an gama ciniki a wani ɗakin otal ba. Hukuncin addini kuwa ba ɓoyayye ba ne, Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a aya ɗaya ta hana. Ina roƙon limamanmu su riƙa kiran abin da sunan da yara suka san shi da shi, su ce cacar waya, su ce tikitin wasa, don da yawa na ɗauka caca sai karta a bayan kasuwa. Haka nan wasan da ke farawa da rana ya kai dare yana ratsa La'asar da Magariba. Su kansu 'yan wasan suna hutawa tsakanin turmi, mai kallo ma ya tashi ya ba da farali.

Idan ba caca ba, ina ya kamata wannan sha'awa ta nufa? Amsar tana cikin tarihin ƙasar nan. A 1971 Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka da ya ci gasar US Open ta 1968, ya zo rangadi Afirka ya tsaya a Yawunde. Ya buga da wani yaro ɗan shekara 11, ya ga abin da ya gani, ya ba shi raket, ya kuma yi wa Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa magana a kansa. Yaron shi ne Yannick Noah, ɗan Zacharie Noah, tsohon ɗan ƙwallon ƙafa da ya ci kofin Faransa da ƙungiyar Sedan a 1961. Aka kai shi Nice ya samu horo. Ranar 5 ga Yuni 1983 ya doke Mats Wilander 6-2, 7-5, 7-6 ya ci Roland Garros, mahaifinsa ya diro daga wurin 'yan kallo ya rungume shi. Rabon Bafaranshe namiji da kofin tun 1946, kuma har zuwa 2025 babu wanda ya maimaita. Yaron da ya koyi riƙe raket a Yawunde ne ya fitar da Faransa kunya a gidanta, da tutar Faransa.

Labarin bai tsaya kan Noah ba. Mahaifin Frances Tiafoe ɗan Saliyo ne, wanda ya taɓa aikin kula da wata cibiyar tanis a jihar Maryland, a nan yaron ya tashi yana buga ƙwallo a bango. Mahaifin Félix Auger-Aliassime na Kanada ɗan Togo ne, na Jo-Wilfried Tsonga ɗan Kongo. Baiwa ba ta yi mana ƙaranci ba, fili da mai koyarwa ne babu. Arewacin Afirka kuwa, inda aka gina filaye, ga sakamako. Ons Jabeur ta Tunisiya ta ci gasar matasa ta Roland Garros a 2011, ta ci Madrid a 2022. Mayar Sherif ta Masar ta ci kofin Parma a jar ƙasa a wannan shekarar. Hicham Arazi na Maroko ya kai zagayen 'yan takwas a Paris a 1997 da 1998, kuma Marrakesh na karɓar gasar ƙwararru a jar ƙasa. Waɗannan Musulmi ne 'yan'uwanmu, ba daga wata duniya suka faɗo ba.

Na san abin da za a ce: unguwar da ke fama da ruwan sha da kwata da ajin yara ɗari, wa ke zancen tanis? Magana ce mai nauyi. Tanis wasa ne mai tsada, kuma filin jar ƙasa ba share fili ba ne kawai. Yana son ban-ruwa kullum, da shara, da daɓe, abin da zai yi wuya a Garwa cikin watan Maris. Ba ina cewa a bar rijiya a gina Roland Garros ba. Fili ɗaya tsawonsa bai kai mita 24 ba tsakanin layuka, na siminti ma ya isa a fara. Kafin shi ma, bango mai laushi da layi a tsayin raga da tsofaffin raket goma za su iya ɗaukar yara talatin kowace yamma. Makarantun da al'ummarmu ta gina da kuɗinta suna da bango. Attajiranmu da ke sayen riguna ga ƙungiyoyin ƙwallon unguwa kowace shekara za su iya biyan mai koyarwa guda ɗaya. Magadan gari da ke zuwa neman ƙuri'unmu za a iya tambayarsu fili. A kuma ware wa 'yan mata lokacinsu da malamarsu, cikin suturar da iyaye za su natsu da ita.

Ba kowane yaro zai zama Noah ba, wataƙila ma babu ko ɗaya. Amma wanda ya iya wasan zai iya zama mai koyarwa ko alƙalin wasa, zai iya samun gurbin karatu ta dalilinsa, kuma ko bai samu komai ba ya samu lafiya da abin yi bayan La'asar. Wannan ya fi zaman jiran sakamakon tikiti.

Sunan Briketeri daga gidan buga bulo ya samo asali, garin da Nadal ya yi shekara kusan ashirin yana zamewa a kansa kuma bulo ne aka niƙa. Masu gardama su ci gaba da gardamarsu, Allah ya ƙara basira. A kawo Borg, a kawo Evert, a jira Alcaraz ya yi shekarunsa. Wanda ya ce a sa kuɗi, a gaya masa nan majalisa ce. In kuwa lallai kuɗin na ƙaiƙayi a aljihu, a haɗa a sayo wa yaran layi raket.